Masanin Fiziks Nawa Sashen Ɗaukar Hoto Yake Buƙata?

Duk asibitin da zai sayi na'urar CT, wadda ke ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki da hasken eksire, sai ya zauna ya buga lissafi: kuɗin na'ura, ɗakin da za a girke ta, wutar da za ta ci, kwangilar kamfanin da zai riƙa gyara ta, albashin masu ɗaukar hoto da na likitan da zai karanta. Akwai mutum ɗaya da ba kasafai sunansa ke fitowa a wannan takarda ba, in ma ya fito to can ƙasa ne, da fensir. Shi ne masanin fiziks na asibiti, wanda aikinsa shi ne ya auna yawan radiyeshan da na'ura ke zuba wa majiyyaci, ya tabbatar hoton da take fitarwa ya isa a gane cuta da shi, ya kuma nemo inda waɗannan biyun za su daidaita. A ganina, yawan irin wannan ma'aikaci da sashe ke buƙata abu ne da ake lissafawa da awannin aiki, tun kafin a sa hannu a takardar sayen na'ura. Kuma mafi yawan lissafin da ake yi yana ƙirga gwajin na'ura ne kawai, ya bar aikin da ya fi kare majiyyaci a waje.

A sashen gashin cutar daji ba a gardama kan wannan. Can da gangan ake harba wa mutum radiyeshan mai yawa, kuskure kaɗan ya isa ya nakasa shi ko ya kashe shi, don haka babu hukumar da ta san abin da take yi da za ta bar na'ura ta fara aiki ba tare da masanin fiziks ba. A sashen ɗaukar hoto kuwa rashinsa ba ya tada ƙura. Yau babu shi, gobe babu shi, hoto yana fita, layi yana tafiya. Shugaban asibiti ya duba ya ga babu abin da ya tsaya, sai ya yanke cewa ai ba a buƙatarsa.

Zamanin da ake ɗaukar hoton eksire a kan fim, fim ɗin da kansa yakan tona asiri. Idan hasken ya yi yawa ya fito baƙi ƙirin, idan ya yi kaɗan ya fito fari fat, ko ta yaya dai mai ɗaukar hoto ya san ya kauce. Na'urorin dijital sun toshe wannan kafa. Kwamfuta ce ke gyara hasken hoton da kanta, har ma hoton da aka ɗauka da radiyeshan fiye da kima ya fi fitowa tas. Likita ba ya ƙorafi kan hoton da ya yi kyau, wanda ya yi dishi-dishi shi yake mayarwa. Mai ɗaukar hoto kuma ba ya son a riƙa dawo masa da aiki, sai ya ɗan ƙara, shekara ta zagayo ya sake ɗan ƙarawa, ba don mugunta ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a nan ido bai san kimar komai ba. Hukumar ƙasa da ƙasa mai ba da shawara kan kariya daga radiyeshan, ICRP, ta yi gargaɗi kan wannan tun 2004. Irin wannan hawa na sannu a hankali ba mai gano shi sai wanda aka ware wa lokaci ya tara alƙaluman ɗaruruwan majiyyata, ya kwatanta na bana da na bara.

Abin kuma ba ƙarami ba ne. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai nazarin illar radiyeshan, UNSCEAR, ya ƙiyasta a rahotonsa na 2020/2021 cewa ana yin gwajin hoto mai radiyeshan kimanin biliyan 4.2 a duniya duk shekara. CT kusan kashi 10 ne kawai cikin ɗari na wannan adadi, amma shi ke ɗauke da kusan kashi 62 na jimillar radiyeshan da majiyyata ke sha. A ma'aunin milisibat, wanda ake auna radiyeshan da jiki ya sha da shi, hoton ƙirji na eksire kimanin 0.1 ne, CT na ciki kuwa yakan kai 8 zuwa 10, alhali matsakaicin abin da ɗan Adam ke samu daga ƙasa da iska da abinci da sararin sama a shekara guda, bisa ƙiyasin UNSCEAR na 2008, 2.4 ne. A Amurka, abin da kowane mutum ke samu ta hanyar asibiti ya tashi daga kimanin milisibat 0.5 a farkon shekarun 1980 zuwa 3 a 2006, kuma kusan rabinsa daga CT ne.

Ba ina cewa a guji CT ba ne. Mutumin da aka kawo daga haɗarin mota yana zubar jini a cikin kai, wannan hoton shi ne rayuwarsa. Babban binciken da aka yi a Birtaniya kan yara da matasa kusan 180,000, wanda mujallar Lancet ta buga a 2012, ya nuna cewa yawan CT a ƙuruciya yana ƙara haɗarin sankarar jini da ciwon dajin ƙwaƙwalwa, amma ya kuma nuna cewa haɗarin ga yaro guda ƙanƙani ne: ƙarin mutum ɗaya na kowanne cikin duk hoton kai 10,000 da aka yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 10. Matsalar ita ce ƙanƙanin haɗari idan aka ninka shi da miliyoyi ya zama mutane, kuma wani kaso nasa ana shan sa ne a banza, don hoton zai fito daidai ko da an rage.

Wanda yake ganin gwajin na'ura sau ɗaya a shekara ya wadatar, ya dubi abin da ya faru a asibitin Cedars-Sinai na birnin Los Anjelis. Tsakanin Fabrairun 2008 da Agustan 2009, majiyyata 206 da aka yi wa CT na duba gudun jini a ƙwaƙwalwa sun sha radiyeshan da ya kai ninki takwas na abin da ya kamata. Wata 18 ana yi. Ba a farga ba sai da wani majiyyaci ya kawo kukan gashin kansa yana zuba. Na'urar ba ta lalace ba. Saitin wannan gwajin aka canza, na'ura kuma ta yi abin da aka gaya mata. Wannan babban asibiti ne mai kuɗi da ƙwararru, kuma da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta bi sawu sai ta tarar da irin haka a wasu asibitocin. A 2010 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta tilasta rubuta adadin radiyeshan na CT a bayanan majiyyaci, da kuma sa masanin fiziks ya riƙa tabbatar da ingancin adadin da na'ura ke nunawa duk shekara. Abin da na fahimta daga wannan lamari shi ne, na'ura tana iya cin kowane gwaji kuma ta cuci mutane, domin ɓarnar tana zaune ne a cikin saiti, tsakanin gwaji da gwaji. Duk lissafin ma'aikata da bai ware awannin duba saiti da bin alƙaluman majiyyata ba, ya ƙirga abin da ya fi sauƙin ƙirgawa ne kawai.

Hanyar lissafi mafi sauƙi ita ce a ce masani kaza ga kowane mutum miliyan ɗaya. Wannan yana da amfani ga ma'aikatar lafiya da ke son sanin ɗalibai nawa za ta horar cikin shekara goma, amma ba ya gaya wa asibiti guda komai.

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce ƙirga na'urori: a ba kowace na'ura wani kaso na cikakken ma'aikaci, CT kaso kaza, eksire kaso kaza, a tara. Tana da daɗin bayani a gaban kwamitin kasafi, shi ya sa ake son ta. Sai dai tana ɗaukar na'urori biyu masu suna ɗaya a matsayin aiki ɗaya. Wata CT ɗin tana ƙaramin asibiti, tana ɗaukar kai da ciki na manya goma a yini da 'yan saituka kaɗan. Wata tana asibitin koyarwa, ba ta hutawa dare da rana, tana ɗaukar jarirai da zuciya da jijiyoyin jini, saitukan da ke cikinta sun haura ɗari, likitoci kuma kullum suna neman a ƙara sabo. A takarda dukansu "CT, guda 1" ne.

Shi ya sa na fi gamsuwa da hanyar bin aiki ɗaya bayan ɗaya. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, mai hedikwata a Biyana, ta fitar da rahoto kan wannan a 2018, na 15 a jerin rahotanninta na lafiyar ɗan Adam, tare da jadawalin kwamfuta da asibiti zai cika da alƙalumansa. Bai tsaya kan na'urori ba. Ya sa aikin da ke ƙaruwa da yawan majiyyata, da na kariyar ma'aikata da jama'a, da na tafiyar da sashe, da horarwa, da koyarwa da bincike. Tunanin ba sabo ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da makamancinsa don ma'aikatan lafiya gaba ɗaya tun 1998: ka jera ayyukan, ka auna lokacin da kowanne ke ci, ka ninka da yawan maimaituwarsa, ka raba da lokacin da ma'aikaci guda yake da shi a zahiri. Tarayyar Turai kuwa ta bi ta hanyar doka. Umarninta na 2013, wanda ƙasashe suka zama dole su shigar da shi dokokinsu zuwa Fabrairun 2018, ya ce shigar masanin fiziks cikin aiki ta dace da girman haɗarin: a wajen gashin cutar daji ya kasance dumu-dumu a ciki, a CT da ayyukan da likita ke yi a cikin jiki yana kallon hoton eksire kai-tsaye a sa shi, a sauran kuma a same shi idan ana neman shawara.

Wanda bai taɓa ganin aikin ba yakan zaci masanin yana zuwa ne ya danna maɓalli ya sa hannu. Gwajin CT yakan fara ne bayan an sallami majiyyacin ƙarshe, don babu sashen da zai tsayar da layi saboda gwaji. Masanin ya ɗora wata tukunyar roba cike da ruwa a kan gadon na'ura, ya ɗauki hotonta. Ruwa dole ya ba da sifili a ma'aunin CT, iska kuma 1,000 ƙasa da sifili. Idan lambar ta goce, to abin da likita yake karantawa a hanta ko ƙoda ma ya goce. Sannan ya kawo dunƙulen roba mai tauri guda biyu, ɗaya faɗinsa santimita 16 a madadin kai, ɗaya 32 a madadin gangar jiki, kowanne da rami a tsakiya da huɗu a gefe. Ya zura ma'aunin radiyeshan mai siffar fensir, tsawonsa santimita 10, cikin rami, ya harba, ya rubuta, ya koma rami na gaba. Haka zai yi ta yi a kan ƙarfin wuta daban-daban. Washegari ya zauna ya yi lissafi, ya rubuta rahoto, in akwai abin da ya kauce ya kira injiniyan kamfani, injiniya ya gyara, shi kuma ya dawo ya sake aunawa. In an canza kwalbar da ke fitar da hasken, ko an sabunta manhajar na'ura, sai a koma farko. Mai lissafin kasafi yakan rubuta awannin da aka yi a ɗakin na'ura kawai.

Waɗannan dunƙulen roba biyu ma suna ɓoye wani tarko. Adadin da na'ura ke nunawa a allo ba na majiyyaci ba ne, na roba ne. Idan aka ɗauki cikin ƙaramin yaro, na'ura kuma tana lissafi da dunƙulen santimita 32, abin da ya shiga jikin yaron yana iya kai ninki biyu na abin da allo ya nuna. Mai ɗaukar hoto ya ga ƙaramar lamba hankalinsa ya kwanta. Gyara wannan aikin zama ne: a ɗauki saitukan yara ɗaya bayan ɗaya, a tsara su bisa nauyi ko faɗin jiki, a ɗauki hotunan gwaji, a kai wa likita ya ce wannan ya ishe shi ko bai isa ba. Asibitin da yara suka yi yawa a cikinsa yana buƙatar awanni fiye da wanda yake da na'ura iri ɗaya amma manya yake gani, kuma ƙirgar na'ura ba za ta taɓa nuna wannan ba.

Akwai kuma aikin da ba ya sallama. Mace ta yi CT na ciki, bayan mako biyu ta gano ashe tana da juna biyu. Ta dawo a firgice, likitanta ma bai san abin da zai ce ba. Masanin fiziks ne zai buɗe bayanan gwajin, ya duba inda hasken ya fara da inda ya tsaya, ya lissafa abin da ya kai ga ɗan tayi. ICRP ta faɗa tun 2000 cewa abin da bai kai miligire 100 ba (gire ma'aunin radiyeshan da ya shiga wani sashe na jiki ne, miligire kuma ɗaya bisa dubunsa) ba hujja ba ce ta zubar da ciki, kuma kusan duk gwajin hoto na yau da kullum yana ƙasa da haka nesa. Amma sai an sami mai lissafawa ya rubuta, kuma a wannan makon ake buƙatarsa, ba lokacin da masanin da aka ɗauko kwangila zai zo zagayen shekara ba. Haka ɗakin da ake zura siririn bututu ta jijiya zuwa zuciya ana kallo ta hoton kai-tsaye. Aiki ya yi wuya ya ɗauki awanni, fatar bayan majiyyaci ta sha fiye da gire 2, inda ja ke fara bayyana, a kusan gire 3 gashi ya zube, sama da haka nesa kuma ƙuna ce da ba ta warkewa da sauƙi. Ƙunar ba ta fitowa a ranar, sai bayan makonni, lokacin da mutum ya koma gida ya tafi wajen likitan fata wanda bai san daga ina ta fito ba. FDA ta yi gargaɗi kan irin wannan tun 1994. Wani ne zai lura an haura iyaka, ya sa a kira majiyyacin a duba shi. Su ma ma'aikatan ɗakin suna da nasu: a 2011 ICRP ta sauko da iyakar abin da idon ma'aikaci zai sha daga milisibat 150 a shekara zuwa 20, wanda ya ƙara aikin sa ido a dare ɗaya. Ga rigunan dalma da ake haskawa a nemi tsaga, ga lissafin kaurin bango idan za a gina sabon ɗaki.

MRI, mai ɗaukar hoto da maganaɗisu, da sikanin ba sa amfani da irin wannan radiyeshan, sai wasu su cire su daga lissafi. Kuskure ne. A 2001 wani yaro ɗan shekara 6 ya rasu a jihar Niyok bayan maganaɗisun MRI ya fizgo tukunyar iskar oksijin ta ƙarfe ta buge shi a kai. Kan na'urar sikanin kuma yakan mutu kaɗan-kaɗan, hoto ya riƙa raguwa ba wanda ya lura. Hatta allon da likita ke karanta hoton mama a kai, idan haskensa ya dushe, ɗigon da bai kai rabin milimita ba, wanda zai iya zama alamar farko ta daji, sai ya ɓace. Amurka ta ɗauki wannan da muhimmanci har dokarta ta 1992 ta wajabta masanin fiziks ya binciki kowace cibiyar hoton mama duk shekara.

Bari mu ƙaddara wani asibiti na misali, da lambobi na misali, don a ga inda ake yin coge. Shekara mako 52 ce, a awa 40 kowane mako, awa 2,080 ke nan. Amma babu ma'aikacin da ke ba da wannan. Cire hutun shekara, ranakun hutun ƙasa, rashin lafiya da kwasa-kwasan da dole ya halarta don kada iliminsa ya tsufa, a ce mako 10 sun tafi, saura awa 1,680. Cire taruka da zirga-zirga, a ce 1,500. Yanzu a ce gwaje-gwajen na'urori na wajibi sun ci awa 600, sauran ayyukan da na ambata kuma suka kai jimillar zuwa 2,400. Idan aka raba 600 da 2,080, sai a ce asibitin bai ma buƙaci sulusin mutum ba, mai kwangila ya isa. Idan aka raba 2,400 da 1,500, amsar 1.6 ce, wato mutum biyu. Asibiti ɗaya ne, na'urori ɗaya, amma bambancin ya fi ninki biyar, kuma kowane ɓangare zai rantse cewa lissafi ya yi.

Ita wannan 1.6 ɗin ma da saura. Ba a ɗaukar rabin mutum aiki, sai dai a raba shi tsakanin asibitoci, kuma da zarar an raba shi hanya ta shiga lissafi. Masanin da ke kula da ƙananan asibitoci shida da ke nesa da juna yana ɓatar da wani kaso na makonsa a mota, ɗauke da akwatunan kayan awo. Wanda yake shi kaɗai kuma, ranar da ya tafi hutu sashen ya zama babu kowa, kuma babu wanda zai duba lissafinsa idan ya yi kuskure. Ɗalibi mai neman ƙwarewa shi ma ba a ƙirga shi a matsayin ma'aikaci, a shekararsa ta farko ma cin lokacin babba yake yi. IAEA tana so mutum ya yi digiri na biyu a fannin, sannan ya yi aƙalla shekara 2 na horo a asibiti ƙarƙashin ƙwararre kafin ya tsaya da ƙafarsa. Ƙasar da ta ƙi ware awannin horarwa a lissafin yau, ba ta da wanda za ta ɗauka bayan shekara biyar.

Masu adawa da wannan suna da magana, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa ai masanan fiziks ɗin ne da kansu suka rubuta jadawalin, kowace sana'a kuma idan aka tambaye ta mutum nawa take buƙata ba za ta ce kaɗan ba. Gaskiya ne. Maganinsa shi ne kada a karɓi lambar jadawali kamar wahayi. A sa masanin da ke aiki ya riƙa rubuta inda lokacinsa ke tafiya na 'yan watanni, a kwatanta da abin da jadawali ya ce, inda ya yi yawa a rage. Sai dai wannan ma da ramin da ake faɗawa. Idan ka auna lokacin mutumin da aiki ya riga ya fi ƙarfinsa, za ka tarar bai ɓata ko awa ɗaya wajen gyara saitin yara ba, don bai samu sukuni ba. Ka ɗauki wannan a matsayin mizani, ka mayar da ƙarancin da ake ciki doka. Binciken da ke tambayar asibitoci "masana nawa kuke da su" yana faɗin abin da ake da shi ne, ba ya faɗin abin da ake buƙata.

Suna kuma cewa a ba masu ɗaukar hoto gwaje-gwajen. Na yarda, har ma ina ganin wajibi ne. Gwajin kullum da na mako, irin ɗora tukunyar ruwa da safe a duba lamba, mai ɗaukar hoto da aka horar zai yi shi da kyau, kuma almubazzaranci ne a tsayar da mai digiri na biyu a kai. Amma wani ne zai tsara gwajin, ya sa iyakar da in an haura za a tsaya, ya horar, ya duba sakamako. Awannin sun ragu, ba su ɓace ba, kuma wani kaso nasu ya koma kan mai ɗaukar hoto wanda shi ma sai an ƙirga masa. Batun a bar wa injiniyan kamfani komai kuwa ban yarda da shi ba. Injiniya yana tabbatar da na'ura ta dace da abin da kamfaninsa ya yi alkawari, kuma kamfani ne ke biyansa. Ba aikinsa ba ne ya ce saitin da ya zo da na'ura ya yi wa majiyyatan wannan asibiti yawa. Ranar karɓar sabuwar na'ura, mai saye yana buƙatar nasa mai awo.

Lokacin bincike da nazari shi ne abin da ake fara yankewa, ana ganinsa kamar ado. A 1956 asibitin Groote Schuur da ke Kef Tawun, a Afirka ta Kudu, ya rasa masanin fiziks ɗinsa, doka kuma ta ce dole a samu mai kula da sinadarai masu radiyeshan. Aka aro wani malamin jami'a, Allan Cormack, yana zuwa kwana ɗaya da rabi a mako. A nan ya lura ana tsara gashin cutar daji kamar jikin mutum abu ɗaya ne bai ɗaya, babu bambancin ƙashi da tsoka da huhu, ya fara tunanin yadda za a gano abin da ke ciki ta hanyar auna hasken da ya ratsa ta kusurwoyi da yawa. Ya buga lissafin a 1963 da 1964. A 1979 shi da Godfrey Hounsfield, wanda na'urarsa ta ɗauki majiyyaci na farko a Landan a 1971, suka raba kyautar Nobel saboda CT. Ba kowane masani ne zai zama Cormack ba, kuma ba na cewa ƙaramin asibiti ya biya kuɗin bincike. Amma asibitin koyarwa da ya sa sifili a wannan gurbi ya san abin da ya zaɓa.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta ƙasashen da ƙwararrun nan ba su da yawa, 'yan kaɗan ɗin da ake da su kuma sashen gashi ya kwashe. Me amfanin lissafin da zai ce kana buƙatar goma alhali biyu gare ka, babu kuma inda za ka samo sauran? Wasu sai su matse jadawali har ya fitar da biyu, kowa ya huta. Wannan shi ne abin da na fi ƙi. A bar lissafi ya faɗi goma. Sannan a zauna a jera ayyukan bisa haɗari: CT da ɗakin hoton kai-tsaye da hoton mama da duk abin da ya shafi yara a sama, na'urar hoton haƙori a ƙasa. A ba mutum biyun nan abin da awanninsu za su ɗauka, a haɗa ƙananan asibitoci a ƙarƙashin cibiya ɗaya, abin da za a iya dubawa daga nesa ta intanet a duba. Manhajojin da ke tattara adadin radiyeshan na kowane majiyyaci suna rage wahalar tara alƙaluma, amma sai an sami mai karanta su, su ma a sa musu awanni.

Abin da ya rage, wato aikin mutum takwas da babu mai yi, a rubuta shi ɗaya bayan ɗaya: ba za a duba saitin yara a asibiti kaza ba bana, ba za a gwada allunan karanta hoto ba, ba za a kwatanta alƙaluman bana da na bara ba. Shugaban asibiti ya sa hannu a ƙasa, kwafi ya tafi ga hukumar da ke ba da lasisi. Duk lokacin da aka kawo sabuwar na'ura, ko aka buɗe sashen yara, ko yawan majiyyata ya tashi, a sake buga lissafin, a sabunta takardar, wanda ya amince da sayen na'urar ya sake sa hannu.